Yadda Ake Cire Fentin Da Ya Zubo Wa Mota Ba Tare Da An Ɓata Nata Ba

Da zarar azumi ya yi nisa, ko damina ta ɗauke, masu gidaje da shaguna a Birnin Kebbi sai su tashi da fenti. Mutum ya ajiye motarsa a gindin katanga a Gesse ko Badariya, kafin ya shiga ya fito ya tarar da ɗige-ɗigen fari a bonet da gilashi. Wani gwangwani ne zai suɓuce wa yaron mai fenti daga kan tsani. Wani kuma kusa da mai walda ya tsaya ana feshin ƙyauren ƙarfe, iska ta kwaso masa nasa rabon. Wanki da goge motoci ne sana'ata, kuma yawancin motocin da ake kawo mini da wannan matsala ba fentin da ya zubo ne ya ɓata su ba. Abin da mai motar ya yi cikin fushi da gaggawa ne: ya ɗauko reza, ko soson ƙarfe, ko ya tsiyaya tina, ruwan nan mai ƙarfi da ake sirka fenti da shi.

Abu guda za ka riƙe kafin ka taɓa komai. Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne: shimfiɗar farko a kan ƙarfe, sai launi, sai kiliya, wato wancan mai sheƙi marar launi da ke sama. Duka ukun kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba, kiliya ita kaɗai kuwa ba ta kai rabin haka ba. Abin da ka cinye daga cikinta ya tafi ke nan, sai dai a sake feshi. Daɗin abin shi ne an gasa ta da wuta a kamfani, ta yi tauri da santsi, shi ya sa fentin gida ba ya samun wurin kamawa sosai. Zama kawai ya yi a kanta. Aikinka shi ne ka tausasa baƙon har ya saki da kansa, ka fara da abu mafi sauƙi, ba za ka hau zuwa mai ƙarfi ba sai mai sauƙin ya gaza.

Kayan aiki

Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Sabulun wankin mota na ruwa. In babu, sabulun wanke kwanuka na ruwa zai yi na yau ɗaya. Omo da makamantansa na gari a bar su, don ƙwayoyinsu ba sa narkewa duka, kuma suna dusashe fenti. Tawul mai laushi irin na goge mota, kamar guda biyar; in ba a samu ba, tsohuwar singileti ta auduga wadda aka wanke, a yanke ɗinkin bakinta. Tsohon katin ATM ko wani katin roba. Ledar shara ko kowace leda mai faɗi, da wata siririya irin ta ƙullin sukari. Auduga da tsinken goge kunne. Tsohon buroshin haƙori.

Sai na narkarwa: sifirit na kemis, kananzir mai kyau, da WD-40, wato man fesawa na gwangwani da ake sassauta tsatsa da shi, ko basilin. Na gamawa kuma: kile, wato wani abu mai danƙo da ake murza shi a jikin mota ya kwashe abin da ya maƙale, ana samunsa wurin masu sayar da kayan fentin mota, sai kamfawun mai laushi (man da ke cin saman kiliya kaɗan ya share tabo), da folish na dawo da sheƙi, da wakis na rufe fenti. Sabuwar reza guda, don gilashi kawai.

Waɗanda ba za su matso kusa da jikin motar ba: tinar masu feshi, abin cire jan farce, man birki, soson ƙarfe, koren soson wanke tukunya, samfefa, wuƙa. Man birki ne ya fi ba ni haushi, don akwai masu ba da shawararsa a bakin gareji. Gaskiya ne yana cire fenti. Duka biyun yake cirewa, na katanga da na motarka. Fetur ma ban ba ka shawararsa ba: yana bushewa kafin ya yi wani aikin kirki, yana ƙona roba, ga haɗarin wuta.

1. Kai ta inuwa, ka binciki irin fentin

A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, ƙarfen baƙar mota kuwa ba ya taɓuwa da tsakar rana. Zafin nan yana gasa fentin da ya zubo, kuma duk abin da ka shafa zai bushe a take ya bar tabo. Ka kai ta ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya, ka jira har ka iya ɗora bayan hannunka a bonet ba tare da ka janye ba. Aikin safe ko bayan la'asar ya fi.

Kafin nan ka ɗauki hoto da wayarka, ko da maganar biya za ta taso. Sannan ka je wurin mai fentin, ka danne zuciya. "Sannu da aiki, Malam. Don Allah wane iri ne kake shafawa, da me kake sirka shi?" Amsar da zai ba ka ta fi ashar ɗin da kake shirin yi amfani. In ya ce da ruwa, fentin ruwa ne, wanda ake yi wa bango. In ya ce da kananzir ko tina, fentin mai ne, na ƙyaure da taga da ƙarfe. In ba ka same shi ba, ka ɗiga sifirit a tsinken kunne ka murza kan ɗigo ɗaya. Idan launin ya biyo audugar nan da nan, na ruwa ne. Idan bai motsa ba, na mai ne.

2. Ka san fentin motarka

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma yake raba wanda zai gama lafiya da wanda zai koma gareji. Motocin Kwatano da yawa an sake yi musu feshi kafin su iso hannunmu, wata ƙofa ɗaya, wata gaba ɗaya. Fentin gareji a rana ya bushe, bai kai na kamfani tauri ba, kuma wani ma ba a sa masa kiliya ba.

Ka nemi ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa ko ƙasan bamba. Ka shafa ɗan folish a farin tsumma ka goga. In launin motar ya fito a tsumman, babu kiliya, ka ninka taka-tsantsan. A nan kuma za ka gwada duk abin da kake niyyar amfani da shi, sifirit ko kananzir: ka shafa, ka ƙirga talatin, ka goge, ka duba ko wurin ya dushe ko ya yi danƙo. Idan ɓangaren da fentin ya zubo wa an taɓa yi masa gyara, gwajin a jikinsa za ka yi, ba a wata ƙofar ba. Motar da aka yi wa feshi bai kai wata biyu ba kuwa, ruwa da sabulu kawai; abin da ya fi haka ka mayar wa wanda ya yi mata feshin.

3. Idan fentin ɗanye ne

Kada ka share. Hannu yana son ya ja tsumma daga nan zuwa can, sai ɗigo kamar kwabo ya zama faɗin faranti, ya shige bakin roba da tsagar ƙofa. In na ruwa ne, ka yi ta kwarara masa ruwa daga sama, da tiyo ko da buta, har ya tafi da kansa. Fentin ruwa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya yake yin fata, lokacin hunturu ma bai kai haka ba, saboda haka ko ruwan leda ne a kusa ka fasa ka zuba, a bar wurin a jiƙe har ka isa gida.

In na mai ne, ruwa ba zai ɗauke shi ba. Ka kwashe mai kaurin da katin roba, daga gefe zuwa tsakiya, kana goge katin a takarda. Saura ka dangwale shi da tsumma: ka ɗora, ka ɗaga, ka juya wuri mai tsabta. Sannan ka jiƙa wani tsumman da kananzir ka ci gaba da dangwalawa. Ɗanyen fentin mai yana narkewa a kananzir cikin sauƙi, shi ya sa ranar farko take da daraja.

4. Wanke wurin tas

Ko da ƙanƙanin ɗigo za ka cire, sai ka wanke duk ɓangaren. Ƙurar da ke kwanciya a motocinmu, balle ta hunturu, yashi ce mai laushi. Ka haɗa ta da tsumma da ƙarfin hannu, ka yi wa motarka samfefa ke nan. Ka fara watsa ruwa zalla ya tafi da ƙurar, sannan sabulu, kana ɗauraye tawul a bokiti na biyu kafin ka mayar da shi na sabulu. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki na ranar.

5. Busasshen fentin ruwa

Nan haƙuri ne kawai. Ka ɗumama ruwa daidai yadda hannu zai jure, ka sa sabulu, ka tsoma tawul, ka shimfiɗa shi a kan fentin yana ɗiga. Ka rufe shi da leda, don iskarmu ta kan busar da tawul kafin ya yi aiki. A jikin ƙofa, inda tawul ba zai zauna ba, ka maƙale bakinsa da gilashin taga ko ka manna ledar da salatif ɗin takarda. Ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin.

Da ka ɗaga za ka ga ɗigon ya canza: ya kumbura kaɗan, bakinsa ya yi fari-fari, in ka danna shi da farce ya lotsa. Ka sa farcen babban yatsa a gefensa ka tura a hankali. Sau da yawa sai ya tashi ɗungurungum, ya bar da'ira mai sheƙi a ƙarƙashinsa. Masu faɗi ka bi su da katin roba, ka kwantar da katin sosai, wurin kuma yana jiƙe da ruwan sabulu. Turawa ake yi, ba kankara ba. Duk wanda ya ƙi tashi, ka mayar masa da tawul ɗin ɗumi. Gara ka jiƙa sau huɗu da ka danna kati da ƙarfi sau ɗaya.

Wanda ya kwana biyu a rana yakan yi taurin kai. Shi ne na sifirit. Ka sirka shi da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa auduga daidai girman ɗigon, ka ɗora minti ɗaya, ka ɗaga, ka tura da farce, ka ɗauraye. In bai isa ba ka gwada sifirit zalla, amma a kan ɗigon kawai, ba a faɗin ƙofa ba.

Akwai fentin bango mai gurza-gurza, wanda ake yi wa bayan katanga. Wannan da yashi a cikinsa. Kada ka ja shi a jikin mota ko kaɗan. Ka jiƙa shi har ya yi laushi, ka ɗaga shi sama, ka kora da ruwa mai yawa.

6. Busasshen fentin mai

Fentin mai yana ƙara tauri ne kullum, don iska ce ke dafa shi. Na kwana ɗaya ko biyu kananzir yana cinsa. Na sati biyu sai dai ya ɗan tausasa bakinsa. Ka jiƙa auduga da kananzir ko WD-40, ka ɗora a kan ɗigon, ka rufe da 'yar leda, ka bar shi minti biyar. Ka goge da tsumma a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, kana sauya gefen tsumman, saboda narkakken fentin da ke jikinsa zai koma kan motar. Hawa-hawa yake fita. Bayan kowane zagaye biyu ka wanke da sabulu ka duba lafiyar kiliya.

In ya gagara, ko kuma fentin layin titi ne tayarka ta watso wa gefen mota, ka lafta masa basilin da kauri da yamma, ka bar shi ya kwana, da safe ka wanke ka bi da kati. Yana da jinkiri, amma ba ya cutar da fentin mota. Man gyaɗa ma yana ɗan taimakawa in babu basilin, sai dai yana zurarewa.

Kananzir a sarari ake aiki da shi, nesa da janareta da murhu da mai shan taba. Ka kuma saya a inda ka yarda da shi, don wanda aka gauraya da fetur ya sha jawo gobara a gidaje. Tsumman da ya sha mai a shanya shi a fili ya bushe, kada a dunƙule shi a jefa cikin but.

Za ka ga masu fentin mota suna ɗan dangwala tina su goge ɗigo cikin ƙiftawar ido, kuma a kan fentin kamfani wani lokaci su tsira. Sun san hannunsu, kuma in ta ɓaci suna da abin feshi a gefe. Kai ba ka da shi.

7. Ƙurar feshi

Wannan ba a cika ganinsa ba sai an shafa. Ka wanke motar, ka sa hannunka cikin siririyar leda, ka shafa bonet a hankali. In ka ji ƙaiƙayi-ƙaiƙayi a ƙarƙashin yatsunka, feshi ya sauka. Nan ne kile ke aiki. Ka gutsuro kaɗan, ka murza shi ya yi laushi, ka baje shi kamar ƙaramar waina. Ka jiƙa wuri kamar faɗin tafin hannu huɗu da ruwan sabulu mai santsi, ka riƙa zame kilen gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana kamawa, har da 'yar ƙara. Can sai ƙarar ta ɗauke, ya riƙa sulɓi. Wurin ya fita ke nan. Ka duba fuskarsa, za ka ga launin feshin. Ka ninke shi ciki, ka sake bajewa, ka matsa gaba.

Kada ka bari wurin ya bushe kana gogawa, kuma in ya faɗi ƙasa ka jefar, ko da yanzu ka ɓare shi. Ya kwashi yashi, ba ya wankuwa. In ba ka sami kile a gari ba, kamfawun mai laushi zai cire feshi marar yawa, sai dai shi yana cin kiliya kaɗan, don haka kada ka daɗe a wuri ɗaya.

8. Gilashi, fitila, roba da taya

Gilashi ya fi komai sauƙi. Ka jiƙa da ruwan sabulu, ka kwantar da sabuwar reza, ka tura gaba kawai, kana ɗagawa kafin ka dawo. Ta waje kaɗai. Ta ciki akwai tintak, gilashin baya kuma akwai siraran layukan nan masu kore raɓa, reza tana tsinka su. Kada ka kunna waifa kafin ka cire fentin, kuma kada ka zuba ruwan zafi a gilashin da ke da tsaga.

Fitilun motocin yanzu roba ce, ba gilashi ba. Tina ko abin cire jan farce yana sa su yi hazo ko su tsattsage. Ruwan ɗumi, farce da kile kawai. Haka ma fuskar wasu madubai da murfin fitilar baya.

Baƙar robar bamba da ta gefen ƙofa ita ce mai wahala, don tana da ƙananan ramuka da fenti ke shigewa. Ka tausasa da ruwan ɗumi ko ɗan sifirit, ka bi da buroshin haƙori. Kamfawun da wakis kada su taɓa ta, suna barin farin tabo. Taya kuwa buroshi mai tauri da sabulu sun isa, saura tafiya za ta kakkaɓe shi. 'Yan kabu-kabu da masu Keke su lura: tankin babur da jikin Keke sukan ɗauki sitika, kananzir kuma yana ɗaga bakinta.

9. In siminti ne ko farar ƙasa

Inda ake fenti galibi ana gini, sau da yawa abin da ya fantsamo ba fenti ba ne. Siminti da farar ƙasa ba sa jin kananzir, tsami suke ji. Ka sirka binega da ruwa rabi da rabi, in babu ka matse lemun tsami ka tace, ka jiƙa auduga ka ɗora minti biyu zuwa uku. Zai fara rugujewa. Ka kora da ruwa, ka sake ɗorawa. Kada ka murza, yashi ne zalla. Waɗannan kuma ba a barinsu su kwana, don suna cin kiliya su bar gurbi.

10. Gogewa da rufewa

Ka sake wanke wurin da sabulu don kada kananzir ko sifirit ya saura, ka tsane da busasshen tawul nan take; ruwan burtsatse in ya bushe da kansa yakan bar zane-zanen fari. Sai ka haska fitilar waya a karkace ka duba. Yawanci za ka ga inuwar da'ira inda ɗigon ya zauna, ko 'yan siraran layuka. Ka ɗiga folish kamar ƙwayar wake a tawul, ka goga da matsakaicin ƙarfi, ka share, ka duba. Sai in folish ya kasa za ka koma kamfawun, daga baya ka sake bi da folish. Ƙaramin tabo guda ɗaya ko farin man goge baki yana iya fitar da shi. A kan kaifin bodi da bakin ƙofa da bakin bonet fenti ya fi siranta, nan ake fara cinye shi, saboda haka ka sassauta hannu. Da ka ga launin motar a tawul alhali tana da kiliya, ka tsaya, ka riga ka huda.

Duk abin da ka yi amfani da shi ya wanke wakis ɗin da ke wurin, ya bar kiliya tsirara a ranar Kebbi. Ka shafa sabo siriri, ka bar shi ya yi hazo, ka goge. Motar da ke samun wakis duk bayan wata uku, in fenti ya sake zubo mata, yawancinsa da farce zai fita.

Akwai inda aikin ya fi ƙarfin gida: in abin da ya zubo fentin mota ne mai haɗin hadna (sinadarin da ke sa shi tauri), in gwangwani guda ne ya kife ya shige tsagogi da ramin waifa, in wurin ya yi danƙo ko ya yamutse bayan gwaji, ko ka sa farce ka ji rami a inda ɗigon ya tashi. Ka kai wa mai fentin mota, ka gaya masa duk abin da ka riga ka shafa, kada ka ɓoye. Ka nemi ya fara gwada samfefar ruwa mai lamba 2000 da injin folish a ɗan wuri kana tsaye, kafin a yi maganar sake feshi. In feshin ya zama dole, lambar launin motarka galibi tana kan 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. Da ita za a haɗa fentin, ba da ido ba.